Tafiyata Ingila: na bi sawun rigimar Sarki Charles na ɗaya da majalisarsa

Mutane sun dame ni a WhatsApp wai sai na ba da labarin tafiyar nan, to ga shi, amma wanda yake jiran labarin kantuna da filin ƙwallo ya yi haƙuri. Dalilin tafiyar bikin yaye ɗan yayata ne da ya gama digiri na biyu a garin Hull, mahaifinsa ya rasu, ita kuma Yaya ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, shi ne aka ce Kawu ya je ya wakilci gida. Ni kuma malamin makaranta ne, na daɗe ina koyar da darasin gwamnati a sakandare ina zana wa yara tsarin majalisar Birtaniya a allo, sai nace tunda Allah ya kawo dama bari in je in taka wuraren da Sarki Charles na ɗaya da majalisarsa suka ɓata har ta kai su ga zubar da jini.

Maganar biza ba zan ja ta ba, duk wanda ya taɓa nema ya san takardun banki da wasiƙar gayyata da jiran da ake sha. Daga Kano mota na shiga zuwa Kaduna, shingayen jami'an tsaro kamar kullum, a rage gudu a ɗaga hannu a wuce, wajen Zariya ne kawai aka sa muka buɗe but. Na kwana Kaduna, da safe na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu. Yaya ta ɗaure min kilishi mai yawa in kai wa ɗanta, ina Abuja yaron ya kira yace Kawu dan Allah kar ka shigo da nama, kwastam ɗinsu ba sa yarda, za su ƙwace kuma su iya cin ka tara. Haka na bar wa masu masaukina kilishin nan suna ta sa min albarka, na tafi da yaji da ƙuli-ƙuli da garin kunu.

Jirgi awa shida da wani abu muka sauka Heathrow. Layin masu koren fasfo doguwa ce, ƙafata har ta fara sagewa kafin in isa gaban matar, ta tambaye ni me ya kawo ni, ina zan sauka, yaushe zan koma, da na nuna mata takardar bikin sai ta saki fuska tace tana taya mu murna ta buga hatimi. Ina fita waje sanyi ya mare ni. Watan Janairu ne, jaket ɗin da na saya a Kantin Kwari ina ganin na gama shiri ashe ko riga ba ta kai ba a wajensu. Abin da ya fi rikita ni ma lokacin salla, azahar sha biyu da 'yan mintuna, kafin ka gama cin abinci la'asar ta yi, ƙarfe huɗu da kaɗan magariba, biyar na yamma duhu ya rufe ko'ina.

A Barking muka sauka, gabashin Landan, ɗakin wani abokinsa ɗan Gombe mai aikin kula da tsofaffi, dare yake fita don haka gadon nawa ne da daddare nasa ne da rana. Hita kuwa da awo ake kunna ta saboda kuɗin gas. Lokacin fam ɗaya tana neman naira 2,000, shayi kofi ɗaya fam 3, da na lissafa sau ɗaya sai na koma dama kununa a gida kafin in fita.

Wurin farko da na ja yaron shi ne Aylesbury, daga tashar Marylebone kamar awa ɗaya. Yana ta mita wai Kawu mutane suna zuwa Landan su ga fadar sarki kai kana neman ƙauye. Muna cikin jirgi na ga allon tashar Stoke Mandeville na taɓa shi nace ka ga wannan garin, kan fam ɗaya ta harajin gonar nan aka fara girgiza sarautar Ingila. A tsakiyar kasuwar Aylesbury akwai mutum-mutumin John Hampden da takobi a hannu, shi ne mai gonar.

Asalin abin, Charles na ɗaya ya hau gado a 1625 da aƙidar cewa Allah ne ya ba shi mulki don haka ba wanda zai tuhume shi sai Allah. Al'adar ƙasar kuma ita ce sarki ba ya ƙaƙaba sabon haraji sai majalisa ta amince, to ita majalisar duk sanda ya kira ta neman kuɗi sai ta ce a fara sauraron kokenta tukuna. Da ya gaji sai ya koma karɓar bashin dole daga masu hali, wanda ya ƙi a kulle shi ba tare da an faɗi laifinsa ba, a kuma jibge wa mutane sojoji a gidajensu su ci da su. A 1628 majalisa ta rubuta masa takardar neman haƙƙi kan waɗannan abubuwa, ya amince a baki ya ci gaba da abinsa. A Maris ɗin 1629 da ya aiko a tashi zama, wasu 'yan majalisa suka danne kakaki a kan kujerarsa da ƙarfin tsiya har aka gama karanta ƙudurinsu. Shi kenan ya rufe majalisar, shekara 11 bai sake kiranta ba. Ina zai samu kuɗi? Sai lauyoyinsa suka shiga tono tsofaffin dokokin da aka manta, a ci ka tara don ba ka zo an naɗa ka sarautar barde ranar naɗin sarki ba, a ce gonar da ka gada tun kakanni tana cikin dajin sarki, a sayar wa wasu 'yan kasuwa ikon yin sabulu su kaɗai. Babban cikinsu kuɗin jiragen ruwa, wanda da garuruwan bakin teku kaɗai ke biya in ana yaƙi, a 1635 ya shimfiɗa shi a kan ƙasar gaba ɗaya kuma ba yaƙin ake ba. Hampden attajiri ne, sule 20, wato fam ɗaya, aka yanka masa a wannan gonar, ba abin da zai rage shi da shi, yace ba zai biya ba tunda majalisa ba ta sa ba. Aka je gaban alƙalai 12, a 1638 bakwai suka ba sarki gaskiya biyar suka ƙi. Sarki ya ci shari'a amma mutane suka ga ko alƙalan da ya naɗa da hannunsa kusan rabi ba su yarda ba, daga nan karɓar kuɗin ta fara gagara.

Ina tsaye gindin mutum-mutumin nan sai tunanin gida ya zo min. Mu ma ai mun san wannan kukan. Cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa a kan sarakunan Haɓe akwai jangali da kuɗin gari da gaisuwa, duk karɓe-karɓen da yace shari'a ba ta san da su ba, kuma rigimarsa da Yunfa Sarkin Gobir ba rana ɗaya ta ɓarke ba, an daɗe ana wa'azi ana saƙonni ana janye jiki kafin hijira zuwa Gudu da karon Tafkin Kwatto a 1804. Mahaifina Allah ya jiƙansa har ya rasu yana ba da labarin yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar dagaci kan kuɗin haraji, da irin murnar da aka yi a 1979 da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Inda muka bambanta, mu kukanmu nauyin kuɗin ne da wulaƙancin masu karɓa da kuma ko addini ya halatta, su kuma masu kukan manyan masu gonaki ne da 'yan kasuwa, abin da ya dame su wa ke da ikon cewa a biya, don sun gane ranar da sarki ya samu kuɗin da ba sai ya roƙe su ba to ba zai ƙara kiran su ba har abada. Wani mai sayar da kayan marmari a kasuwar, ɗan asalin Pakistan, ya gan ni da hula ya yi min sallama muka gaisa, na tambaye shi ko ya san mai takobin nan, yace ya dai ji an ce wani ne da ya ƙi biyan haraji, da zai dawo yau da shi zai fara zaɓa. Ya ƙara min lemo biyu kyauta.

Juma'a muka yi a babban masallacin Whitechapel, cike maƙil yawanci 'yan Bangaladash, bayan salla muka ci shinkafa da kaza mai yaji a nan kusa, ranar ce na fara ƙoshi. Asabar muka shiga majalisa, yaron ya yanka mana tikiti ta intanet wajen fam 30 kowa. Binciken ƙofa irin na filin jirgi, cire bel, cire jaket, har hulata sai da ta bi ta na'ura. Kuma ta gefen mutum-mutumin Oliver Cromwell ake shiga, mutumin da ya sa hannu aka sare kan sarki, yana tsaye a harabar da takobi da littafi.

Zauren Westminster ne farko, tun 1097 aka gina shi, rufin katako mai ban tsoro, sanyi a ciki kamar waje. Daga nan sai wani dogon ɗaki siriri, zauren St Stephen, mai yi mana jagora wata dattijuwa ce mai barkwanci tace nan ne daidai inda tsohuwar majalisar wakilai take kafin gobarar 1834, ta nuna mana alamun tagulla a ƙasa inda kujerar kakaki take. Wallahi ƙanƙantar wurin ta ba ni mamaki, a ce mutum ɗaruruwa suna cusuwa nan da takubba a ƙugu suna musu cikin hasken kyandir.

Abin da ya tilasta wa Charles dawo da su addini ne. Shi da babban limaminsa William Laud suna son coci mai ado da tsari a ƙarƙashin bishop-bishop, masu tsattsauran ra'ayin Furotesta suna ganin hanyar komawa Katolika ce, ga matarsa 'yar Faransa Katolika ce a fili. Masu rubutun suka har kunnuwa aka yanke musu a bainar jama'a a 1637. A shekarar ya tura wa Sikotlan sabon littafin addu'a, suka yi bore a Edinburgh, ya ɗauki runduna ba kuɗi, a 1640 suka kore ta suka mamaye Newcastle, aka yi sulhu kan zai riƙa biyan su fam 850 kullum. Ya kira majalisa a Afrilu ya kore ta bayan mako uku, dole ya sake kiran wata ranar 3 ga Nuwamba 1640, wannan karon wuƙa da nama suna hannunsu. Jagoransu John Pym. Suka kulle Laud, suka sa aka sare kan babban na hannun daman sarki, Strafford, ranar 12 ga Mayu 1641, kuma sarkin ne ya sa hannu bayan ya yi wa mutumin alkawarin ba abin da zai taɓa ransa. Aka soke kuɗin jiragen ruwa, aka rushe kotunan sarki na musamman, aka yi dokar sai an kira majalisa duk shekara uku, aka ƙara da cewa ba za a rushe wannan ba sai da yardarta. Duka ya sa hannu.

To nan ne abin da ya daɗe yana ɗaure min kai, tunda an ba su kusan duk abin da suka nema me ya kawo yaƙi? A ɗakin nan na ƙara fahimta. A Oktoban 1641 tawaye ya ɓarke a Ayalan, dole a tara runduna, sai tambaya ta taso wa za a danƙa wa sojojin. Pym da mutanensa sun san sarki ya sa hannu ne don ba yadda zai yi, sun riga sun ji ƙishin-ƙishin an taɓa ƙulla shigo da sojoji Landan a kansu, sun kuma san jinin Strafford yana wuyansu, ranar da ya samu runduna su ne na farko. Shi ne suka haɗa babbar takardar koke da Turawa ke kira Grand Remonstrance, maki 204, tun daga ranar da ya hau gado ba abin da suka bari, har da abubuwan da an riga an gyara. A ƙarshe suka ce ministocin sarki sai wanda majalisa ta aminta da shi, a kuma rage ƙarfin bishop-bishop. Ranar 22 ga Nuwamba aka fara muhawara tun rana har tsakar dare ta wuce, aka kaɗa ƙuri'a 159 da 148. Tazarar 11 kacal, a majalisar da shekara ɗaya baya kusan bakinta ɗaya. Da aka kawo maganar a buga takardar a raba wa jama'a sai da wasu suka kama ƙotar takubbansu a cikin zauren.

Ni a ganina Pym ba waliyyi ba ne, ɗan siyasa ne na gaske, takardar nan ba sarki ya rubuta wa ba, mutanen titin Landan ya rubuta wa, kuma masu adawa da ita sun gane hakan, shi ya sa da yawa cikin waɗanda suka yaƙi kuɗin jiragen ruwa suka ce a'a abin ya wuce gyara ya koma ƙwace sarauta. Dattijuwar ta nuna mana mutum-mutumin Hampden da na Lord Falkland a ɗakin nan kusa da juna, tare suka tsaya kan haramcin harajin, takardar nan ta raba su, kuma dukkansu a 1643 yaƙin ya ci ransu, ɗaya yana yi wa majalisa ɗaya yana yi wa sarki.

Amma duk wanda ya fara tausaya wa Charles sai ya ji abin da ya yi ranar 4 ga Janairu 1642. Lokacin fa ya fara samun magoya baya, da ya yi haƙuri ƙila da majalisar ta dare da kanta. Sai ya ɗebo mutane wajen 400 da makamai ya taho da ƙafarsa ya kama mutum biyar, Pym da Hampden da Holles da Haselrig da Strode. Labari ya riga shi isa, sun sulale ta kogin Thames a kwale-kwale. Ya shiga ya hau kujerar kakaki ya waiga ya waiga bai gan su ba, ya tambayi kakaki William Lenthall ina suke, mutumin ya durƙusa yace ranka ya daɗe ba ni da idon gani ko harshen magana a wurin nan sai yadda majalisa ta umarce ni, ni baranta ne. Sarki yace ya ga tsuntsayen sun tashi, ya fita a kunyace. Ranar 10 ga wata ya bar Landan da iyalinsa, bai sake shigarta ba sai a matsayin fursuna. Tun daga ranar ba sarkin da ya ƙara taka zauren wakilai yana zama, kuma duk buɗe majalisa in manzon sarki ya zo kiran su sai a rufe masa ƙofa a fuska ya ƙwanƙwasa sau uku da sanda. Na ga gurbin da sandar ta ci a jikin ƙofar da idona. Korayen kujerun zauren wakilai kuwa an hana zama, na ɗan jingina kawai wani ma'aikaci ya yi min gyaran murya.

Daga King's Cross muka hau zuwa Hull, ƙasa da awa uku, gonaki kore shar duk da sanyin, dab da isa jirgin ya bi ta ƙarƙashin wata ƙatuwar gada a kan kogin Humber. Bikin ya yi kyau alhamdu lillahi, na ɗora babbar riga a kan suwaita biyu Turawa suna ta neman hoto da ni, da aka kira sunan yaron sai da hawaye ya zo min don tuna mahaifinsa, Yaya tana kallo ta waya tana guɗa. Da yamma ya kai ni inda ya tabbatar ba a sa giya a ƙullin suyar, muka ci kifi da dankali fam 11, kifin ya kai tsawon hannuna amma salam, sai da na zaro yajina. Akwatunan wayar titi a Hull ruwan madara ne, ba ja ba kamar sauran ƙasar.

Washegari nace ya kai ni ƙofar Beverley. Yace Kawu shekara nawa nake garin nan ban san wata ƙofa ba. Muka bi taswirar waya sai ga mu a bakin wani rami mai matakala a ƙarshen titin kasuwa, tsofaffin tubala a ciki, yara matasa suna zaune a matakalar suna cin dankali. Yace au, nan? kullum nake wucewa ta nan. Hull a lokacin ita ce babban rumbun makamai bayan na Landan, ragowar na yaƙin Sikotlan duk suna ciki, majalisa ta riga ta tura Sir John Hotham ya riƙe garin. Ranar 23 ga Afrilu 1642 sarki ya zo da mahaya ɗaruruwa, ɗansa na biyu James ma yana cikin garin tun jiya a matsayin baƙo, Hotham ya sa aka ɗage gada aka rufe ƙofa, ya leƙo ta kan ganuwa yana ba da haƙuri yana rantsuwa shi mai biyayya ne amma ba zai buɗe ba. Sarki ya tsaya awanni a waje, ya sa aka shelanta shi maci amana, ya juya. Ka ji fa, sarki a ƙasarsa wanda ke ƙarƙashinsa ya hana shi shiga gari. Shi Hotham ƙarshensa bai yi kyau ba, daga baya ya fara laluben komawa wajen sarki, majalisa ta kama shi ta sare kansa da na ɗansa a Janairun 1645. Akwai wani tsohon gida a kusa da ake cewa a nan aka ƙulla shawarar rufe ƙofar, gidan giya ne yanzu, daga waje na tsaya.

Nottingham ni kaɗai na je, yaron yana da aiki. Na kwana wani ƙaramin otal kusa da tasha, ɗaki kamar akwati fam 55, ba buta a banɗaki sai na yi dabara da gorar ruwa. Da safe na hau tudun fada, kowa ya taru wajen mutum-mutumin Robin Hood yana hoto, ni kuma ina zagaye ina neman allon da ke nuna inda aka kafa tuta, sai wani dattijo mai yawo da kare ya raka ni wani lungu da ake kira Standard Hill. Kafin a kai nan an yi ta aike-aike, majalisa ta zartar da dokar riƙe mayaƙan gundumomi a Maris ba tare da sa hannun sarki ba, a Yuni ta aika masa sharuɗɗa 19 da in ya karɓa sai dai ya zama sarkin suna, ya ƙi. Ranar 22 ga Agusta 1642 da yamma ya kafa tutarsa a nan, wato shelar yaƙi ke nan. Mutane kaɗan suka fito, ana iska, ya yi ta gyara rubutun shelar da alƙalami har mai karantawa ya riƙa tuntuɓe, kuma iska ta kayar da tutar. Dattijon ya yi dariya yace garin ma bayan sarki ya tafi ɓangaren majalisa ya koma.

Wanda aka ba riƙon tutar, Sir Edmund Verney, shi ne ya fi tsaya min a rai duk tafiyar nan. Ɗan gundumar su Hampden ne, kuma a zuciyarsa yana ganin majalisa ce da gaskiya, ya gaya wa wani abokinsa cewa ba ya son wannan rigimar, ya so a ce sarki ya sassauta, amma ya ci abincin mutumin nan ya yi masa hidima kusan shekara 30, ba zai yi butulcin gudu ya bar shi yanzu ba. Babban ɗansa Ralph kuma yana ɓangaren majalisa. Na tabbata duk Bahaushen da ya ji wannan ba sai an yi masa bayani ba.

Daga nan na gangaro Banbury don in ga Edgehill inda aka fara gwabzawa. Bas ɗin ƙauyukan ba ta da tabbas, dole na ɗauki tasi fam 40 zuwa da dawowa, direban Bakashmire ne, yana ta mamakin abin da zai kai baƙo can a Janairu. Gaskiyarsa, taɓo har idon sawu, takalmin bikina ya tashi daga aiki. Tudu ne dogo mai bishiyoyi, daga sama kana hango fili shimfiɗe har ƙauyen Kineton, amma yawancin filin dagar yana cikin shingen ma'ajiyar makaman soja ba a shiga. Ranar Lahadi 23 ga Oktoba 1642 kowane ɓangare ya zo da sama da mutum 10,000, yawancinsu ba su taɓa jin ƙarar igwa ba. Mahayan Yarima Rupert, ɗan 'yar uwar sarki, suka tarwatsa na majalisa amma maimakon su juyo sai suka bi su har Kineton suna wawashe kaya, suka bar dakarun ƙasa ana ta yi har duhu. Ba wanda ya yi nasara. Verney a nan aka kashe shi yana riƙe da tutar, ana cewa ba a ga gawarsa ba sai hannun. Kowa ya zo da tunanin karo ɗaya za a yi a koma teburin sulhu, sai da aka shekara huɗu ana yi kafin zagayen farko ya ƙare.

Oxford inda sarki ya mayar da fadarsa wucewa kawai na yi ta tasha, aljihu ya fara kuka. Da na dawo Landan na je titin Whitehall gaban Banqueting House, a rufe yake ranar, ba kullum ake buɗe wa jama'a ba, amma a saman ƙofa akwai ƙaramin kan Charles da rubutun cewa ta tagar wurin ya fita zuwa dandamalin da aka sare kansa ranar 30 ga Janairu 1649. Riga biyu ya sa don kar sanyi ya sa shi rawar jiki a ce tsoro ne, kuma ni da na tsaya wurin a watan da abin ya faru ban ga laifinsa ba. Mutum 59 suka sa hannu a takardar kisan, kuma majalisar da ta yi wannan ba ta 1641 ba ce cikakkiya, sojoji sun riga sun tsaya a ƙofa a Disambar 1648 sun tace ta sun kori duk mai son sulhu. Pym da Hampden sun mutu tun 1643. A 1653 Cromwell da kansa ya shiga da sojoji ya kori ragowar ya kulle ƙofa, abin da Charles ya gwada ya kasa. A 1660 aka kira ɗan sarkin daga gudun hijira aka naɗa shi, a 1661 kuma aka tono gawar Cromwell aka kafa kansa a saman zauren Westminster.

Naseby inda aka karya rundunar sarki a 1645 ban samu zuwa ba, kuɗi sun ƙare, ragowar na saya wa Yaya maganin shafawa na ƙafa da turare, yara kuma cakulan. Wanda zai bi wannan hanyar ya yanki tikitin jirgin ƙasa tun da makonni, na Hull da yaron ya saya da wuri bai kai rabin na Nottingham da na saya a tasha ranar tafiya ba, kuma ya zo da takalmin roba in zai je Edgehill. Na sauka Abuja cikin hazo, na kwana, na biyo jirgin ƙasa zuwa Rigasa, direban motar Kano ya cika mu huɗu a baya, muka iso Unguwa Uku bayan isha'i.